Shekarar da Bidi Ya Ja Ruwa

Bazarar bana ta zo da zafin da ya hana kaji tono, suna kwance gindin randa baki buɗe. Ni kuma tsufa ya ƙwace mini barcin rana, sai in jawo tabarma bakin zaure in zuba wa hanya ido. A nan na ga jikana Sani yana fama da wani tsohon doki da ya sayo a kasuwar Madawa, wai zai sa shi jan amalanke ya riƙa kai wa magina ruwa daga famfo. Ya ɗaura masa kaya, ya haye, ya kaɗa linzami. Dokin ya ɗaga ƙafa, ya ji igiya ta ɗame a jikinsa, ya tsaya cak. Sani ya zuba masa bulala, ya ƙara, dokin yana makyarkyata amma ko gezau.

Na ce, "Kai Sani, aje bulalag ga."

Ya ce, "Kaka, taurin kai garai."

Na ce, "Ba taurin kai ba na, ladabi na. Wani yak koya mai, kuma ya koyu."

Ya dube ni irin kallon da yaran yanzu ke yi wa tsohuwa in sun ɗauka ta fara ruɗewa. Ban ga laifinsa ba. Ina ya taɓa jin cewa kakarsa, wadda yau sai ta dafa bango take tashi, ta taɓa horon doki?

A shekarun da Nasara ke yaƙi can ƙasarsu ne, muna ƙauyenmu bisa tudun duwatsu, nesa kaɗan da Allakaye. Uwar Sanin nan ce a bayana lokacin, 'yar fari, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Damina ta yi mana gardama, gero ya fid da kai bai yi ido ba. Ɗan abin da muka tara gardawan kumandan, wato dogaran Nasara, suka zo suka auni nasu. Da sanyi ya shigo suka dawo neman mazan aikin hanya, suka tafi da maigidana cikin waɗanda aka ɗiba. Ba su jima ba suka sake dawowa, wannan karon bisashen kaya suke so, suka kwance takarkarinmu suka kora. Gidan ya rage daga ni sai goyona, sai surukina da dokinsa.

Baba nake ce masa, kuma ban taɓa kallon tsakar idonsa ba tun da aka kawo ni gidan. Da ƙuruciyarsa shi ne manzon mai gari, ya san hanyar Keita da ta Buza da ta Tamaske kamar tsakar ɗakinsa. Wani ciwo ya shanye masa ƙafafu, ya koma jan gindi daga ɗaki zuwa inuwar rumbu. A nan yake wuni, kusa da turken Bidi. Bidi ɗan gajeren doki ne irin na duwatsunmu, ya tsufa har saman idanunsa sun yi rami. Gardawa sun buɗe bakinsa, suka ga haƙora, suka yi dariya suka bar mana shi. Baba ba ya iya hawansa sai an ɗora shi, amma kullum da hantsi sai ya kira shi ya sunkuyo, ya cire masa kaska, ya shafa masa wuya yana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Da bazara ta kama, hatsi ya ƙare sai irin shuka da muka binne cikin tukunya. Muka koma ga 'ya'yan anza na daji, kamar kowa. Wanda bai ci anza ba ba zai gane abin da ya haɗa yunwa da rijiya ba. 'Ya'yanta ɗaci gare su na fitar hankali, sai an jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, a yi ta yi kwana da kwanaki kafin su ciwu. In ka gajarta, cikinka zai gaya maka. Ke nan a shekarar nan ruwa shi ne sha, shi ne kuma ci.

Rijiyarmu ɗaya ce, mai zurfin da in ka jefa tsakuwa sai ka gaji da saurare. Ba a janta da hannu. An kakkafa gwafanni a bakinta, kowace da ɗan gungume mai juyawa, igiya ta bi ta kansa. A ɗaura wa sa ko jaki bakin igiyar, wani ya kora shi ya yi nisa har wasaki, wato gugan fata, ya fito, na bakin rijiya ya kama ya juye a komi, ya yi kira, a juyo da bisan. Al'adar kuwa ita ce mai bisa shi ke da gwafa. Wanda ba shi da abin ja sai ya zauna gefe da tulunsa har masu ja su gama, a sam masa abin da ya samu. Na yi wannan zaman har na ƙoshi. Rana ta daki ƙeyata, yarinya tana tsotson nonon da ba komai, in dawo gida da rabin tulu bayan na yi godiya kamar an ba ni raƙumi. Ni kuwa Allah bai yi ni da jimirin roƙo ba.

Mai kula da rijiyar wani tsohon Buzu ne, Agali, wanda kakanninsa suka haƙa ta tun suna ƙarƙashin Abzinawa. Shi ya tare ni wata rana ina ɗaukar tulu.

Ya ce, "Ɗiyag ga, ki ji maganata. Dokinku da sauran ƙarhi garai. Ki aza tsoho bisa, ku gangara kwarin Majiya wajen Tama, can ruwa kusa shike. Yanzu na lokaci. In kunka jima, ba shi kai ku."

Na kai wa Baba maganar, ina durƙushe daga bayan rumbu, fuskata gefe. 

Ya ce, "In yaro ya dawo ya ishe kango hwa? In ruwa ya sauka ba kowa, wa ka shuka gonar? Ba ni zuwa ko'ina."

Na san haka zai ce. Kuma na riga na kwana da wata magana a ciki, wadda nake jin nauyin fitarwa. Na ce, "To Baba, a ba ni aron Bidi shi ja muna ruwa."

Da zagi na yi masa da ya fi sauƙi. Doki a wurinmu ba bisan aiki ba ne. Jaki ya yi kaya, sa ya yi ja, doki kuwa mutuncin mai shi ne, ko da mai shi ba ya da wando biyu. Na ji numfashin Baba ya sauya. Ya ce, "Kin san abin da kinka tambaya? Ƙarhin da yar rage mai guda na. In kin zuba shi rijiya, babu na hanya."

Na ce na sani. Ya murza gemu ya ce, "Aro na hwa. In damana ta sauka ki maido min abina."

Ranar farko mun sha kunya. Agali ya yi masa yadda ake yi wa sa, ya ɗora akumari ya ɗaure ciki, ya sa igiya. Da aka ja, ɗaurin ya zame ya koma masa kwankwaso, Bidi ya yi tsalle ya watsa ƙafafu, ya kusa fasa wa wata mata tulu. Aka ce to a sa a wuya. Aka sa, igiya ta shaƙe shi, idanu suka firfito, ya durƙusa. Masu jakuna suka samu abin dariya, su da yunwa ta hana su dariya tun kaka. Wani ya ce, "Manzon mai gari ya koma takarkari!" Na kwance dokin na ja shi gida, hawaye na zuba, na haushi ba na tausayi ba.

Dabarar ɗauri a jikina na same ta. Ina gyara goyo da safe, na ja majanyi na ɗaure a ƙirji, sai na tsaya. Nauyin yarinyar nan ba a wuyana yake ba, ba a cikina ba. Na ɗauko tsohon zanen aurena na ninka shi ya yi kauri, na naɗe shi da fatar akuya, na ɗinke da jijiya. Na zagaya shi a ƙirjin Bidi, na rataya shi da majanyi ta kan kafaɗa don kada ya zame, na sa igiya ta kowane gefe suka haɗu a baya. Ya zauna daram. Na ce yau sai aiki.

Ashe ban fara ba. Na ɗaura igiyar a wani gungume, na kama ragama na ja shi. Ya taho lafiya lau har igiya ta miƙe. Yana jin ta ɗame, ya tsaya. Na ja, na lallasa, na daka tsawa, na tsinke reshe na tsula masa. Jikinsa na ɓari, amma ƙafafun kamar an dasa su.

Baba yana kallo daga inuwar rumbu. Ya ce, "Bari bugunai. Ni nak koya mai." Ya ce tun Bidi yana ɗan duƙushi ya ɗaure shi a saiwar tsamiya, ya bar shi ya yi ta fizga har ya gane ba a faɗa da igiya. Tun daga ranar, ko da zaren kaba ka ɗaure shi a kasuwar Tamaske ka tafi sallah, nan za ka dawo ka same shi. Abin da Baba ke alfahari da shi ke nan duk rayuwarsa, shi ne kuma yanzu ya tsaya tsakaninmu da ruwa. Ya ce, "Dut shekarunai, in igiya ta ɗame tsayawa shikai. Yanzu ke ce mai in ta ɗame shi tahi. Sai a hankali, ɗiyata. Kwance mai za mu yi."

Haka muka shiga, ni da ƙafa, Baba da baki. Da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, sai in ɗaura masa igiya ba komai a bakinta, ya yi ta janta a tsakar gida har ya daina waiwayen abin da ke binsa. Daga nan reshen ƙaya. Daga nan ɗan itace. Nakan tsaya gabansa da ƙwarya, 'yar dusa a ciki da gutsuren kanwa, ina ja da baya. In ya ji nauyi ya tsaya, Baba ya yi masa wani ɗan kira da harshe, irin wanda yake yi masa in za su hau tudu. In ya matsa ƙirji ko da taki ɗaya ne, ya samu lasa. Dusar nan ba ta doki ba ce, ita nake damawa in sha don nono ya kawo. Kowace lasa da Bidi ya yi, a cikina nake jin ta. Akwai safiyar da jiri ya ɗebe ni ina ja da baya, na faɗi zaune, ƙwarya ta kife. Ni da doki muka yi ta rige-rigen tsince dusa cikin ƙasa, kuma ba na jin kunyar faɗa, na fi shi sauri.

Ana haka ina zuwa zaman roƙon ruwa da rana, ina jiƙa anza da abin da bai isa ba, muna ci da sauran ɗacinta. Bakin yarinya ya fashe. Mutane suka fara ɗaure kaya gida-gida suna gangarawa, wasu Majiya, wasu har Sakkwato. Da hantsi sai ka ga dutse yana rawa don zafi, iska in ta taso kamar daga bakin murhu. Kowa ya wuce ƙofarmu sai ya leƙo ya ga matar da ke wasa da doki alhali ana mutuwa.

Ranar da ya ja babban dutsen niƙa daga rumbu har zaure bai tsaya ba, Baba ya ce gobe rijiya. Ya kuma ce a tafi da shi. Na ce ina za shi cikin mutanen da suka yi masa dariya? Ya ce, "Wasaki ba dutse ba na. Dutse in ka tsaya, tsayawa shikai. Wasaki baya shika ja." Agali ya zo da jakinsa aka ɗora shi, aka ajiye shi gindin wata aduwa a gefen turbar ja.

Aka zura wasaki ya cika. Agali ya ɗaga hannu. Na kama ragama, goyo a baya, muka taka. Igiya ta miƙe, Bidi ya sa ƙirji, gungume ya fara kuka. Mun yi kamar rabi sai wasakin ya bugi gefen rijiya, igiyar ta fizge shi. Tsohon karatu ya dawo masa, ya tsaya. Nauyin ruwa ya fara jansa baya, kofatansa suna kartar ƙasa. Na rataye a ragama da duk ƙarfina, yana tafiya da ni. Ina jin Agali yana ihu a yanke igiya, ba mai wuƙa a kusa. Na waiga na ga bakin rijiya yana matsowa.

Sai na ji wata murya da ban taɓa ji ba. Baba ne, ya dafa ƙasa da hannu biyu ya ɗaga ƙirji, ya kwarara kiran da yake yi wa Bidi a da in zai sake shi da gudu. Kunnuwan dokin suka miƙe. Ya tattara gindi, ya zabura, ya kusa take ni. Kafin in farga wasaki ya fito yana ambaliya, Agali ya rungume shi. Ba wanda ya yi dariya. Baba ya koma ya jingina da aduwa, ya ja rawani ya rufe fuska har aka mai da shi gida.

Daga ranar muka samu gwafa. Na jiƙa anza yadda ya kamata, na yi wa yarinya wanka, har na zama mai sam wa wasu. Aikin kuwa iri ɗaya ne kullum. Mu taka daga bakin rijiya har inda igiya ta ƙare, Agali ya yi kira, mu juyo, mu dawo, a zura, mu koma. Na ajiye wani farin dutse a wurin juyawa. Ba a daɗe ba Bidi ya daina jiran kiran Agali, yana kaiwa dutsen zai juya da kansa. Har na riƙa sakin ragama in tsaya inuwa, shi kaɗai yana kai da kawowa, kansa ƙasa. Turbar ta yi zurfi ta zama kwari saboda sawunsa. Jakuna suka yi ta mutuwa, na Agali ma ya kwanta bai tashi ba, masu shanu suka tafi da abinsu. Aka wayi gari duk wanda ya rage a ƙauyen bakin Bidi yake kallo. Ƙirjinsa ya saluɓe duk da zanen, ina shafa masa toka da ɗan man da na samu. Haƙarƙarinsa suka fito ana ƙirgawa daga nesa.

Shamuwa ta zo ta sauka kan tsamiyar masallaci, muka ce ruwa ya kusa. Hadari ya riƙa haɗuwa a gabas da la'asar, ya yi baƙi, mu fito da ƙore, iska ta zo ta watsa shi. Rijiya kuma ta fara ja da baya. Muka ƙara igiya da tsumma da fata, na matsar da farin dutsen gaba. Daga baya wasaki ya koma fitowa da rabi, sannan da laka, sai an tace a zane a bar ta ta kwanta. Sauran gidajen suka yi shawara za su gangara Majiya gaba ɗaya. Agali ya ce shi ba ya barin rijiya, da wasu tsofaffi da ba su iya tafiya.

Wannan karon ba ni na kai wa Baba magana ba, shi ya kira ni. Ya daɗe yana kallon yarinyar, wadda ta daina kuka sai dai ta buɗe baki. Ya ce, "Ɗauko sirdi."

Sirdin ya yi wa Bidi yawa, sai da na cusa tsummoki a ƙarƙashi. Na tono tukunyar iri na ɗaure a zane. Maza biyu suka ɗora Baba, suka sa masa ƙafafu a likkafa. Ya gyara rawani, ya miƙe baya, na ga mutumin da ake ba ni labari. Hanyar gangara ta bakin rijiya take bi, ta kan turbar ja. Muka bi ayari. Bidi yana tafiya lafiya, kansa ƙasa, har muka kai farin dutse. Sai ya juya.

Baba ya ja linzami ya mai da shi. Ya sake juyawa. Baba ya yi masa kiran tudu, ya yi masa kiran gudu, ya sa masa bulala, shi da ya hana ni bugunsa. Bidi ya yi ta kewaya wuri ɗaya, sannan ya kama turba ya koma bakin rijiya ya tsaya, ya juya gindi yana jiran a ɗaura igiya. Na kama ragama na ja har tafina ya tsage. Muka zagaya da shi ta bayan gari inda ba turba, ya yi tafiya daidai tsawon igiya ya juya. Na rufe masa ido da kallabina, bai hana ba. Abin ya riga ya shiga ƙafafunsa. Mutanen ayari suka tsaya jim, ba mai ƙarfin goyon babban mutum har Majiya, kowa da nasa a kai. Suka yi mana addu'a suka wuce.

Baba ya ce, "Sauke ni." Ni da Agali muka sauke shi gindin aduwa. Ya ce, "Ɗauki ɗiyakki ki bi su tun ba su yi nisa ba. Ni da Bidi mun ishi juna."

Ban taɓa musa masa ba sai ranar. Na ce, "In na tahi, wa ka kora shi? Agali na bakin rijiya. Kuma mi za ni ce ma ɗanka?" Na kwance sirdi, na ɗauko zanen ƙirji na ɗaura wa Bidi. Ina yi ina kuka, ina zagin dokin, ina zagin Nasara, har rijiyar ban bari ba.

Ruwan da muke samu bayan nan bai fi a raba da ludayi ba. Na farko na Bidi ne, don in ya faɗi mun faɗi duka. Washegari na kai wa Baba nasa da safe, ya ce in mayar, azumi yake. Jibi ma haka, gata ma haka. In rana ta faɗi sai ya karɓi ƙwarya, ya jiƙa leɓe, ya ce in je in duba yarinya. Wata rana na laɓe bayan rumbu, na ga ya kira Bidi ya sunkuyo, ya miƙa masa ƙwaryar. Ɗan dambun anzarsa kuma a ƙwaryata nake tarar da shi.

Na durƙusa na ce, "Baba, wanga azumi na wane wata na?"

Ya ce, "Ramuwa nikai, ɗiyata. Na sha azumi da yawa bisa sirdi ina kai saƙon mutane. Shi yak kai ni, ya san yawansu."

Na ce jikinsa ba zai ɗauka ba. Ya ce, "Tsakanina da Ubangijina na." Me suruka za ta ce bayan wannan? Na tashi na bar wurin. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma na sha abin da ya bar mini, don nono ya kawo.

Ya rasu da hantsi, a inuwar rumbu, ina rijiya. Na dawo da tulu na tarar Bidi ya riga ni, yana tsaye kansa. Agali da tsofaffin nan suka yi masa sutura da taimama, don ba ruwan wanka. Ƙasa ta yi tauri har sai da na kama musu haƙa, abin da mace ba ta yi.

Ba a yi mako ba ruwa ya sauka. Da la'asar ne, iska ta juyo da sanyi da ƙanshin ƙasa, sannan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya tsakar gida da yarinya a hannu, yana dukanmu, ta buɗe baki tana lasa. Ban yi murna ba, ƙarya ne in ce na yi. Inuwar rumbu kawai nake kallo, inda ruwa ke cika gurbin da zamansa ya yi a ƙasa. Da gari ya waye na ɗauki sungumi da iri na shiga gona ni kaɗai, ina sara ina zubawa ina takewa, har na shuke ta.

Maigidana ya dawo gero yana kai gwiwa, ya rame har sai da ya yi magana na gane shi. Na nuna masa kabari, na nuna masa gona. Tabkuna sun cika lokacin, ba mai zuwa rijiya, ciyawa ta rufe ko'ina. Na daina ɗaure Bidi, don ba turken da ke riƙe shi kuma, in ya ji igiya sai ya sa ƙirji ya tumɓuke. Da safe maigidan ya fita zagaya, ya dawo ya kira ni in zo in gani. Bidi ne a turba, ba igiya, ba kowa, ga ciyawa har gwiwa bai kula ta ba. Ya taka har farin dutse, ya juya, ya dawo bakin rijiya, ya ɗan jira, ya koma.

Ya ce, "Mi yas samu dokin Baba?"

Na ce, "Ruwa shika ja."

A da Baba ya ce in mayar masa da abinsa in damina ta sauka. Ga damina ta sauka, babu mai karɓa, babu kuma abin mayarwa. Bidi bai ga kaka ba, a turbar muka same shi kwance.

Sani ban ba shi wannan labari duka ba, yaran yanzu ba su da zaman ji. Na dai ce ya cire wa dokin kaya, ya nemo tsohon zane mai kauri da 'yar dusa, ya fara da igiya ba komai a bakinta. Ya yi yadda na ce, don yaron yana da jin magana in ya ga dama. Shekaranjiya na ji yara suna sowa a waje, ƙafar amalanke tana ƙara, Sani yana ƙwala mini kira in fito in ga ya ja. Na ce masa na ji, Allah ya sa albarka. Na jawo tabarmata na koma cikin ɗaki.